Sassaƙen Fayin a Alƙahira

Jirgi ya sauke mu a Alƙahira da hantsi, ni da 'yata ta fari, kuma abin da na fara nema a ƙasar Masar shi ne ban-ɗaki. Tun muna sama nake a matse. Ciwon da ya kawo ni ke nan: fitsari ya cika mara kamar za ta fashe, in na je kuma sai ɗigo-ɗigo. Likitocin gida sun ɗebi tsoka sun auna, suka ce daji ne ya kama wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara, wadda maza kaɗai ke da ita, kuma gara a cire ta tun bai yaɗu ba. Na tsaya a tsakiyar filin jirgi ina waige-waige, ga rubutu ko'ina amma ba irin wanda na iya ba, ga 'yata a bayana riƙe da fasfo ɗinmu. Kalma ɗaya zan faɗa mata ta nuna mini hanya, amma na kasa. Ita ce ta lura. Ta dubi gefe kamar da wani take magana, ta ce, "Bari in duba inda ake alwala." Ta yi gaba, na bi ta.

Wanda ba namu ba zai ce ina abin wahala a nan. A wurinmu ɗan fari, wanda muke kira afo da Fulatanci, ba a kama sunansa, ba a wasa da shi, ba a zama hira da shi. Tana barin nono aka kai ta Lau wurin mahaifiyata, can ta girma. Ni kuma ina unguwar Barade a Jalingo, ina zuwa kasuwar shanu ta Iware inda na yi dillanci tun ina saurayi. Da ta gama sakandare ta aiko tana son ci gaba da karatu, na ce abin da nake da shi na ƙannenta maza ne. Kawunta ya ɗauki nauyinta. Yanzu tana koyarwa a wata makarantar sakandare a Jalingo, shi ya sa nake ce mata Malama, kuma haka zan kira ta a nan. Da tafiya ta taso, Hajja maiɗakina gwiwa ta hana ta ko hawa mota, babban namijin soja ne ba a ba shi hutu ba, ƙaramin kuwa ko akuya ba a ba shi ajiya. Malama ce mai Turanci, ita ce kuma ta ce za ta.

A bakin ƙofar fita wani saurayi mai jar hula ya tare mu da murna kamar mun haɗa kaka.

"Baba Alhaji! Mutanen Taraba! Kun sha hanya. Anti, kawo jakar, ai kun zo gida."

Tanko ke nan, ɗan Zariya, wanda ya zo karatu ya zauna. Sana'arsa tarbar marasa lafiya daga gida, ya sama musu masauki, ya kai su asibiti. Ta waya ya yi mana alkawarin ɗaki biyu, kusa da asibiti. Abin da muka tarar ɗaki ɗaya ne da falo, can saman wani dogon bene, tsakaninsa da asibiti sai an shiga mota an ƙetare kogi.

"Lif ɗin fa?" in ji Malama.

"Yau ne kawai ya lalace, Anti."

Har muka bar Masar yau ɗin nan ba ta wuce ba. Na ɗauki ɗakin, ita ta ɗauki kujerar falo. Ƙofar ban-ɗaki kuwa cikin falon take buɗewa, taku kaɗan daga inda take kwana. Mutumin da ke zagayawa ba adadi, a ce duk zuwa sai ya ratsa ta gaban 'yarsa ta fari! Na riƙa buɗe famfo don ƙarar ruwa ta rufe tawa. Bayan kwana biyu na lura da zarar na motsa takalmi sai ta tashi ta fita baranda, ta tsaya cikin sanyin nan nasu mai shiga ƙashi, wai tana neman sabis. Ba ta dawowa sai ta ji na rufe ƙofata.

Ranar farko a asibiti likitan da zai yi aikin, wani dattijo mai furfura da kaurin gira, ya zaunar da mu. Yana Turanci, Malama tana juya mini, idonta a kan tayil.

"Baba, ya ce sau nawa kuke fita a yini."

"Alhamdulillahi."

"Ya ce ko kuna ganin jini."

"Ki ce masa alhamdulillahi."

Likita ya ajiye biro ya yi dariya, ya ce shi ma alhamdulillahi, amma in komai lafiya me ya raba ni da ƙasata? Daga baya ya zana wani abu a takarda, ya yi dogon bayani yana nuni da biro. Da ya gama ya ɗago ya dubi Malama. Sannan ta ce, "Ya ce aikin yana da wasu abubuwa da kan biyo baya." Maganar da ta ɗauke shi lokaci mai tsawo, ita a layi ɗaya ta gama ta. Ban ce wane abu ba, don na sani. Kafin in taso wani abokin dillancina ya ja ni bayan rumfa a Iware ya ce, "Buba, ka yi tunani. An ce wanda aka yi wa wannan aiki yakan dawo ɗan'uwan matarsa." Ni da na ga an dandaƙe bijimai ba iyaka, na san yadda tozo ke kwanciya bayan nan. Tambayar da ta fi damuna a duniya ke nan, kuma bakin da zan yi ta da shi bakin 'yata ne. Na haɗiye ta.

Aka ce sai an yi gwaje-gwaje kafin a sa rana. Kwanakin nan sun yi mini tsawo. Abincinsu wake da wani faffaɗan burodi, safe da yamma. Na yi marmarin kindirmo har ina jin tsaminsa a baki, na yi marmarin tuwon masara da doyar Mumuye. Daga tagar ɗakina ba a ganin ko tsauni ɗaya, sai benaye masu launin ƙasa da shanyar mutane. In an kira salla ne kaɗai nake jin ina cikin duniyar da na sani.

Wata rana da la'asar ina hawowa daga masallaci, na zauna a matakala ina mayar da numfashi, sai ga Tanko. Ya zauna kusa da ni, ya leƙa sama ya leƙa ƙasa, ya zaro wata farar kwalbar roba daga aljihu.

"Baba, don kai ne. Sassaƙe ne, amma na Turawa."

"Sassaƙen me?"

"Fayin."

Na san fayin. Lokacin da nake hawa Mambila sayen shanu na sha ganinsa, dogon itace mai ganye kamar allura, mai ƙanshin ƙaro. Ban taɓa jin ana shan ɓawonsa ba.

"Wannan ba irin naku na Gembu ba ne, na bakin teku ne a Faransa," in ji shi. "Ka ga yadda doya ke yin baƙi in an fere ta an bar ta a iska? Haka cikin mutum yake yi, tsatsa yake kamawa, daga nan daji ke samun wurin zama. Wannan tsatsar yake kankarewa. Wasu ma in sun sha sai likita ya duba ya ce ba sai an yanka ba." Ya matso, ya rage murya. "Sannan kuma, Baba, ka gane ai. In ka koma, Hajiya za ta san maigida ya dawo."

Ya ƙyalƙyale da dariya. Ni ban yi dariya ba, amma hannuna ya riga ya miƙa. Sassaƙe ba baƙona ba ne, da ɓawon maɗaci na tashi shanu da yawa da aka fid da rai da su. Na ɓare ƙwaya ɗaya na ɗanɗana garin, ja-ja ne, yana ɗaure baki. Na ce a raina wannan magani ne na gaske. Ni da na ƙare rayuwata ina jayayya a kan farashin saniya, kuɗin da yaron nan ya faɗa shi na ba shi ban taya ba, don kada ciniki ya yi tsawo Malama ta leƙo.

Na tura kwalbar cikin wata tsohuwar hulata na cusa ƙasan jaka. Tanko ya ce ɗaya da safe. Na ga jikina ba na yaro ba ne kuma lokaci ya ƙure, sai na mayar da shi biyu da safe, biyu da yamma, wani lokaci in ƙara da rana.

Da muka koma karɓar sakamako, likita ya ce dajin bai fita daga wurinsa ba, ya sa ranar aiki. Sannan ya yi wata tambaya.

"Baba, ya ce ban da maganin hawan jini, ko akwai wani abu da kuke sha. Ko na gargajiya."

Da maganin daji kaɗai Tanko ya kira shi, wataƙila da na faɗa. Amma ɗaya maganar ta manne wa kwalbar. Na ga likita zai ce a kawo, Malama za ta karanta abin da ke jiki, za ta san abin da ubanta mai furfura yake nema a ƙasar mutane alhali ita tana kwana a kujera dominsa.

"Babu," na ce.

Ta faɗa masa babu, ya rubuta.

A ɗakin jira na asibitin na haɗu da Usman. Ina ƙoƙarin tashi daga kujera na ce, "Wash, Allah," sai na ji an ce a bayana, "Sannu, ɗan'uwa." Na juya na ga wani baƙin dattijo cikin farar jallabiya da rawani. Bahaushen Sudan ne. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai je Makka, ya tsaya noma a hanya, bai ƙarasa ba bai kuma koma ba. Yaƙi ne ya koro su Alƙahira, yana kawo matarsa ana gasa mata daji a nono. Hausarsa irin ta kakanni ce, wasu kalmomin rabona da jin su tun mahaifiyata na da rai.

"Bafillace a bene!" in ji shi da ya ji inda muke zaune. "Ina ka ɗaure shanun, a baranda?"

"Kai da kakanka ya ɓata a hanya, har kana da bakin magana?"

Washegari ya hau benen nan duka da tsufansa, ɗauke da kwano a ƙunshe cikin tsumma. Tuwon dawa ne irin nasu mai laushi, da miyar busasshiyar kuɓewa. Mutumin da ya bar gidansa da gonarsa ya gudo da rigar jikinsa, shi ne ya ciyar da ni. Na ci har na suɗe kwano, na juya fuska wajen taga don kada ya ga idona.

Ana sauran kwana ɗaya aiki, na yi asuwaki da safe na tofar, sai na ga jini. Ba yau ya fara ba, amma na ranar ya fi yawa. Kwana biyu kafin nan ma na yanke wajen gyaran gemu, ɗan yanka kaɗan, ya daɗe yana tsattsafowa. Har yau ban san ko ƙwayar ce ta jawo ko tsufan dasashi ba, amma gabana ya faɗi. Na haɗiye na safen duk da haka, na sa kwalbar a aljihu, na ce wa Malama zan je masallaci, na nemi Usman.

Ya juya kwalbar a hannu ya ce shi Larabci ya iya, wannan rubutun Nasara ne. Ya ja ni wani kantin magani a bakin titi. Matar da ke ciki ta sa tabarau ta karanta, suka yi ta magana, na ji ya ambaci aiki, na ga ta ɗago da sauri ta dube ni.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba guba ba ne, mutane na saya suna sha don ƙarin lafiya. Amma ita ba ta san wanda ya tabbatar yana kashe daji ba. Kuma yana iya tsinka jini, ya hana shi saurin daskarewa. Ta ce wanda za a sa wa wuƙa lalle ya gaya wa likitansa. Nawa kake sha?"

Na faɗa masa. Ya riƙe baki.

"Kai saniya ce da za ka yi wa kanka ɗure? To, ka ji dai. Sai ka faɗa."

"Da wane baki?"

"Da bakin 'yarka mana."

"'Yar fari ce, Usman."

"Mu ma muna da 'ya'yan fari. In ta koma da kai cikin akwati, ranar wa zai ji kunyar wa?" Sai ya sassauta. "To, in zo gobe in yi maka tafinta."

Na ce a'a. Ta yaya zan shigo da baƙo in ce 'yata ta fita, ba tare da ta tambayi kanta dalili ba? Na ce masa zan san yadda na yi. Abin da na yi shi ne na mayar da kwalbar cikin hula, ban sha na yamma ba, na ce kafin gobe ai ya bi fitsari ya fita. Haka na yanke wa kaina hukunci, da ilimin da bai wuce na aji huɗu da kasuwar shanu ba.

Da safe aka kwantar da ni. Suka karɓe rigata da wandona suka ba ni wata 'yar riga shuɗiya mai buɗaɗɗen baya, ko gwiwa ba ta rufe ba. Malama ta tsaya a kusurwa ta ba ni baya, tana karanta wata takarda da ke manne a bango, wadda na tabbata da Larabci aka rubuta ta. Sai likitar allurar barci ta shigo, yarinya ce da ba ta kai Malama ba. Ta duba bakina, ta auna jini, ta fara tambayoyi. Ta ƙarshen ita ce wadda na sani.

Malama ta juyo rabi. "Baba, ta ce ko akwai wani abu da kuka sha a kwanakin nan. Ganye, ko saiwa, ko ƙwaya ta kanti. Ta ce ko mene ne, don jini."

Na dubi silin. Ina jin ƙarar keken da za a tura ni a kai ana gyara shi a waje. Na buɗe baki, kuma wallahi babu ɗin ce ke tahowa.

"Baba," in ji Malama. Ta bar Hausa ta koma Fulatanci, harshen da kakarta ta rene ta da shi. "Har da abin da ke cikin hula."

Ban taɓa jin tsiraici irin na lokacin ba, kuma ba rigar ce ta jawo ba. Na gyaɗa kai. Ta buɗe jakar hannunta ta fito da kwalbar ta miƙa wa likitar. Ashe da ita ta taho.

Aka kira likita mai furfura. Ya karanta, ya girgiza kwalbar ya ji saura kaɗan, ya tambayi nawa nake sha da yaushe na sha na ƙarshe. Wannan karon na faɗi gaskiya, Malama ta juya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce wurin da zai yanka wuri ne mai yawan jijiyoyin jini, kuma ba zai shiga da mutumin da ya sha ninkin abin da aka rubuta ba, daga kwalbar da bai san inda aka cika ta ba. Wataƙila da ba abin da zai faru, wataƙila kuma da ya faru, shi ba ya caca da ran mutum. Ya ce ana bincike a kan ɓawon itacen nan, yana iya yiwuwa yana da amfaninsa, amma bai taɓa ganin ya cire daji daga jikin kowa ba. A ɗaga aiki sai jikina ya wanke. Aka dawo mini da wandona.

Muka koma masauki. A matakalar bene, wajen rabi, numfashi ya ƙare mini na zauna. Ita ta tsaya ƙasa da ni kaɗan, fuskarta a bango.

"Tun makon jiya na gan ta, da na zo ɗaukar hulunanku in wanke," ta ce. "Na duba a waya. Na ga duk abin da ake sayar da ita dominsa, na ga maganar jinin. Kullum sai in ce yau za ku faɗa. Da likita ya tambaya kuka ce babu, ni na juya masa babu ɗin da bakina, alhali na sani." Ta goge fuska da gefen mayafi. "Na kasa tambayarku, Baba. Da an shiga da ku yau wani abu ya faru, da ni ce."

Ita ke ɗora wa kanta laifin. Na so in ce mata ba ita ba ce, ni na gina katangar nan tun tana cikin zani, ni na koya mata tsayawa a bayanta. Abin da ya iya fita daga bakina shi ne, "Ki yi haƙuri, Malama." Ta ce, "Mu ƙarasa, kada sanyi ya kama ku."

Da yamma Hajja ta kira daga Barade, gida cike da mutane ana jiran labari. Ina ji daga ɗaki Malama tana cewa, "An ɗaga, Inna. Likita ya ce jininsa bai shirya ba tukuna." Ba ta ƙara ko kalma ba. Sannan ta kira shugaban makarantarsu tana roƙon ƙarin hutu, ina jin yadda take ta "Yi haƙuri, ranka ya daɗe," ga ɗalibanta na shirin jarrabawa.

Tanko kuwa da na tare shi a ƙofar gida, ko gezau bai yi ba.

"Baba, ni na ce ka sha huɗu? Ni na ce ka ɓoye wa likita?"

Na ɗaga sanda, na sauke. Ya yi mini ƙarya a kan daji, ya cuce ni a farashi, amma waɗannan biyun da ya lissafa nawa ne.

Kwanakin jira na yi su ina lissafin abin da ke girma a cikina. Duk fitsarin da ya yi mini gardama sai in ce shi ke nan, ya yaɗu, na ba shi lokaci da hannuna. Tsoron yankan ma bai tafi ba. Wata zuciyar tana ce mini tunda Allah Ya ɗaga, in tattara in koma Jalingo in mutu yadda aka haife ni.

Ranar da muka koma a sake auna jini, na tarar da Usman zaune a ƙofar ofishin likita, ya sha sabon rawani.

"Me ya kawo ka? Yau ba ranar matarka ba ce."

"An ɗauke ni aiki," in ji shi.

Aka kira mu. Malama ta shiga tare da mu, ta yi wa likita magana kaɗan da Turanci, ya gyaɗa kai. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Baba, zan je karɓo sakamako a ƙasa. Layin yana da tsawo, zan daɗe. Baffa Usman zai zauna da ku." Ta fita ta ja ƙofa.

Usman ya gyara zama. "To, Bafillace, ga likita, ga ni, ba mace a ɗakin. Fito da ita."

Na yi tambayata. Ya juya ta da Larabci, kuma na san ya ƙara gishiri don likita ya murmusa. Amsar ba ta da daɗi, amma a miƙe ta zo. Ya ce jijiyoyin abin suna manne da tsokar da zai cire, zai yi iyakar ƙoƙari ya kauce musu. A shekaruna, mai yiwuwa ƙarfin ya tafi, mai yiwuwa wani abu ya dawo a hankali, akwai kuma taimakon da ake yi daga baya. Haihuwa dai an gama. Fitsari zai riƙa zubo mini na wani lokaci. In kuma aka bar dajin, zai iya shiga ƙashi, kuma daga nan ba a maganar cirewa.

"Ka ce masa ba wani sassaƙe da zai hana?"

Usman bai ma juya ba. "Wannan ni ma zan iya amsa maka."

Na tuna Hajja, shekarun da muka yi, da yadda take cewa ita dai in dawo ko a kan keke ne. Na ce a ba ni biro. Na rubuta sunana da bokon da na iya, harafi ɗaya-ɗaya.

Aka yi aiki. Na farka da bututu a jikina, yana zuba cikin wata jakar roba da ke rataye a gefen gado. Likita ya zo ya ce ya cire duka, jini bai ba shi wahala ba. Abin da na ji tsoro kuwa ya faru, bai dawo ba har yau, kuma ga ni ina cin tuwo.

Washegarin aiki wata nas mai ƙiba ta shigo tana tafa hannu, ta ce sai na tashi na taka, kwanciya ba ta warkar da kowa. Ta zaunar da ni, ta sauko da ƙafafuna, ta ciro jakar fitsarin daga ƙugiyarta, ga shi ja-ja da jini, ta miƙa wa Malama kamar wadda ke miƙa jakar cefane. Na ce a kira wani namiji. Nas ba ta jin Hausa, Malama kuma ba ta juya mata ba. Ta karɓi jakar da hannun hagu, ta sa na dama ƙarƙashin hammatata, ta ɗaga ni.

Ban taɓa ɗaukar yarinyar nan ba ko tana jaririya. Ban san hannunta yana da ƙarfi haka ba.

Muka fito barandar asibiti, cike da masu jinya da 'yan dubiya. Na sunkuyar da kai, ina jira idanu su sauka a kan abin da take riƙe da shi. Da na saci kallo sai ban ga jakar ba. Ta ja mayafinta ta lulluɓe ta, ta rungume ta a ƙirji, bututun kaɗai ke leƙowa ta ƙasa. Duk wanda ya gan mu zai ce dattijo ne da 'yarsa suke shan iska.

"Malama," na ce, "da nauyi?"

"Babu nauyi. Ku daina kallon ƙasa, Baba, ku dubi gabanku. Sai mun kai tagar can za mu juyo."